In biya koci ko in ci gaba da koyon golf a waya?

Wani bawan Allah ne daga Kaduna ya turo min wannan sakon, ya roki kar in ambaci sunansa. Na dan takaita shi:

"Salam. Shekarata 47, shekara biyu kenan da na fara buga golf tunda likita yace dole in rika tafiyar kasa saboda hawan jini. Ban taba zuwa wajen koci ba, a YouTube nake koyo kusan kullum da daddare. Matsalata duk sanda na dauki direba (doguwar sandar bugun farko), kwallo zata tashi kamar zata mike sai ta lankwashe dama ta fada daji. Na sayi sabuwar sanda da tsada amma ba abinda ya canza. Har yau ban taba sauka kasa da bugu 105 a rami 18 ba, wadanda muka fara tare duk sun wuce ni, kwanan nan kuma bayana ya fara ciwo. Abokina yace in je wajen kocin kulob dinmu, amma gaskiya yaron jakar sandunan mutane yake dauka a da, kuma kanin kanina ne a shekaru, ina jin nauyin in tsaya a gaban mutane yana min gyara. Sannan naji ance akwai manyan 'yan wasa da ba wanda ya taba koya musu. In biya kudin nan ko in kara hakuri in ci gaba da kaina?"

Wa alaikumus salam Yallabai. Allah ya kara lafiya, ya yaye wannan hawan jinin.

Amsata a takaice ita ce ka je. Ka biya. Amma ba don ka daina koyo da kanka ba, a'a, sai don koyon da kake yi da kanka ya fara haifar da wani abu, don a yanzu wahala kawai kake sha kana kara dasa kuskuren a jikinka. Bari in maka bayani a hankali tunda nima ta wannan hanyar na biyo, kuma na san zafin mutum ya dawo gida da yamma kafa ta gaji aljihu ya yi sauki an batar da kwallo biyar a ciyawa.

Tunda kace dama take lankwashewa na dauka da hannun dama kake bugu. Wannan abin da yake damunka shi ake cewa silais, kuma wallahi ba kai kadai bane, shine ciwon da yafi damun masu koyo a ko'ina. Abu biyu ne suke haduwa su haifar da shi. Na daya hanyar da kan sanda ya biyo lokacin da zai hadu da kwallo, na biyu inda fuskar sandar take kallo a daidai wannan lokacin. Idan sandar ta shigo daga waje ta yanko zuwa hagu, fuskarta kuma a bude take tana kallon dama fiye da hanyar da ta biyo, to kwallon zata tashi tana juyi a karkace, da farko kamar lafiya lau, tana nisa sai juyin ya ja ta dama. Direba ce tafi tona asirin nan saboda ita ce mafi tsawo kuma fuskarta kusan a tsaye take, kananan sandunan karfe masu kwantacciyar fuska suna boye laifin, shi yasa zaka ga da lamba 8 ko 9 kamar ba matsala. Matsalar tana nan, ba ta fito fili bane kawai.

To ga inda abin yake da ban tausayi. Mutum in yaga kwallonsa tana tafiya dama, hankalinsa zai bashi ya kara juyawa hagu ya saita can, ai kuwa yana yin haka sandar zata kara yankowa daga waje, lankwasar ta karu, gobe ya kara juyawa, jibi ya kara karfi don ya rama nisan da ya rasa. Gyaran gangar Auzinawa kenan. Zan iya rantsuwa kana cikin wannan zagayen ko ban ganka ba, kuma sabuwar sanda ba zata fitar da kai ba tunda hannun da ya rike tsohuwar shi ya rike sabuwar.

Ba wai ina kushe YouTube bane, akwai kwararrun malamai a ciki kuma mafi yawan abinda suke fada gaskiya ne. Damuwar ita ce basu ganinka. Mai bidiyon yana magana ne da mutum dubu dari a lokaci guda, silais kuma dalilansa sun fi biyar, wani rikonsa ne, wani tsayuwarsa, wani inda yake ajiye kwallo, wani kafadarsa ce take riga kugunsa juyawa. Kai baka san wanne ne naka ba, sai ka dauki maganin wani ka sha, in bai yi ba gobe ka dauki na wani, karshe ka tsaya a kan kwallo da tunani bakwai a ka, gwiwar hannu kaza, kugu kaza, kar a daga kai, a jikin da gaba daya saukowar sandar bata kai rabin sakan ba. Ina jiki zai iya da wannan?

Sannan akwai abinda ba wanda ya yarda da shi sai ya gani da idonsa, abinda kake jin jikinka yana yi daban, abinda yake yi a zahiri daban. Ni shekara uku nayi ina fama ni kadai kafin na sauke kai naje wajen koci. Bazan manta safiyar ba, lokacin hunturu ne hazo ya rufe ko'ina, ya tsaya a bayana hannunsa a aljihu yace in buga goma kawai, bai ce uffan ba har na gama. Ni kuma na zo da dogon bayani na kugu da kafada da na haddace. Sai kawai ya matso ya kama hannuna na hagu ya murda shi kadan a kan sandar zuwa dama, yace duba kasa, gabobin bayan hannunka nawa kake gani? Nace uku. Yace a da daya kake gani, shi yasa fuskar take budewa. Ya karbi wayata ya dauke ni a bidiyo ya nuna min, naga mutumin da yake cikin wayar sandarsa tana fitowa ta saman kafada kamar mai faskare, alhali ni a raina ina jin ta ciki nake kawo ta. Minti goma. Abinda na shekara uku ina nema a wuraren da ba nan yake ba. Wanzami duk kwarewarsa wani ne yake masa askin keya, haka abin yake.

Maganar manyan da suka koya da kansu, gaskiya ne akwai su, ba karya aka maka ba. Bubba Watson na Amurka bai taba daukar darasi wajen koci ba kuma ya ci gasar Masters, daya daga cikin manyan gasa hudu na golf, sau biyu, 2012 da 2014. Lee Trevino da kansa ya hada bugunsa, ya ci manyan gasa 6. Seve Ballesteros na Sifen a bakin teku a garinsu Pedreña ya koya yana yaro da tsohuwar sanda daya lamba 3, ya zo ya ci manyan gasa 5. Amma Yallabai duba da kyau, wadannan tun suna kananan yara suka fara, lokacin da jiki yake kwaikwayon abu ba tare da tunani ba, kuma yini suke suna bugu, kullum, shekara da shekaru. Seve ma a gidan golf ya tashi, yayyensa 'yan wasa ne, kawunsa Ramón Sota kwararre ne sananne, kenan idanu suna kansa ko ba'a kira su koci ba. Kai kuma kana da aiki, kana da iyali, watakila Asabar da Lahadi kawai kake samu, ka fara kana da shekara 45. Ba hazaka ce suka fika kawai ba, lokaci ne suke dashi wanda kai baka dashi, kuma abinda kudin koci yake saya maka kenan, lokaci.

Ka kuma dubi daya bangaren. Jack Nicklaus da yafi kowa cin manyan gasa, guda 18, tun yana dan shekara 10 yake hannun malaminsa Jack Grout, kuma bayan ya zama zakaran duniya ma duk farkon kaka sai ya koma wajensa su faro daga riko da tsayuwa kamar sabon shiga. Tiger Woods a 1997 yana shekara 21 ya ci Masters da tazarar bugu 12, amma duk da haka ya koma wajen kocinsa Butch Harmon suka warware bugun suka sake dinka shi. In wadannan basu ji nauyin a musu gyara ba, mu fa?

Wanda ya kawo ni kan abinda nake ganin shine ainihin tambayarka, don in ka lura maganar kudi a layi daya ka yi ta, maganar yaron kuwa har da shekarunsa ka kawo. Ina fahimtarka sosai, ba raina damuwarka nake ba. A wajenmu babba ya tsaya karami yana ce masa ba haka ba, a gaban abokan hulda, watakila ma a gaban wadanda suke karkashinka a ofis, abu ne mai nauyi, kuma golf a kasar nan wasa ne da ake kallon waye wane. Amma bari in fada maka gaskiya tsakani da Allah, wannan daukar jakar da kake gani kamar nakasu ce a wajensa, ita ce takardar shaidarsa. Trevino da Seve da kake ji dasu duk daukar jaka suka fara. Da yawa daga cikin kwararrun 'yan golf na Najeriya ta nan suka fito, tun suna yara suna bin manya da jaka a kafada rami 18 a rana tsaka, suna kallon bugu dubbai, mai kyau da mara kyau, har idonsu ya saba, mutum yana daga sanda sun san inda kwallo zata fadi. Wannan idon ba'a sayensa a kanti. Wasan nan ya dade a arewa, filin Rayfield na Jos tun 1913 yake, kuma yawancin ilimin da ya rage a filayenmu a kan irin wadannan yaran ya taru ba a kan masu manyan motoci ba.

Kai da kanka in motarka ta lalace ai baka tambayar shekarun bakanike, in zaka gyara karatunka na Alkur'ani kuma ka samu matashin hafizi zaka zauna a gabansa ka bude baki ya gyara maka harafi, baka ce kanin kanina bane. Girman kai rawanin tsiya inji Hausawa, kuma na san ba girman kai ne halinka ba tunda har ka rubuto, kunya ce. Kunyar kuma tana da magani mai sauki, ka karbi lambarsa ku sa lokaci ranar aiki da sassafe bayan asuba kafin mutane su cika filin atisaye, ku biyu kawai. Bayan darasi biyu zaka ga kai da kanka ka daina damuwa da waye yake kallo. Su masu kallon ma kowa ta kansa yake, rabinsu a asirce sun je wajensa.

Misalin karatun nan shine ma yafi dacewa da yadda nake so ka dauki abin. Malam yana biya maka ne sau daya ko biyu, sauran aikin naka ne, ka koma gefe kayi ta maimaitawa har ya zauna, sannan ka dawo ka bada hadda ya ji ko akwai gyara. Wanda yake zuwa a biya masa kullum baya maimaitawa ba zai haddace ba, wanda kuma ya ki zuwa wajen malam yake ta maimaitawa shi kadai, kuskurensa zai haddace da kyau, cire shi kuma sai ya fi koyon farko wuya. Kai a na biyun kake, shekara biyu kana haddace kuskure. Na san wasu kuma a na farkon suke, duk sati lesin duk sati lesin amma basu taba zuwa su buga kwallo hamsin su kadai ba, suma basa gaba.

Saboda haka ga yadda zan so kayi. Kar ka biya kudin wata uku a dunkule, ka ce masa darasi uku zaka fara dasu, tsakanin kowanne sati biyu. A tsakanin nan kaje filin atisaye sau biyu ko uku a sati, kwallo 40 ko 50 sun isa in dai kowacce da niyya ka buga ta, sun fi 150 da ake watsawa kamar ana korar tsuntsaye. Kana gama darasi kafin ka tada mota ka rubuta abinda yace a waya da kalmominka, don wallahi kafin ka isa gida rabi ya gudu. Ka roke shi ya nuna maka inda zaka ajiye waya ka dauki kanka, daya ta gabanka daya ta bayanka a layin da kake saitawa, a tsayin hannunka, don in ka ajiye ta a karkace hoton zai maka karya. Sannan, kuma nan ne zai maka wuya, ka rufe bidiyoyin koyarwa gaba daya na sati shida. Ka kalli gasa in kana so, amma kar ka kalli mai cewa ga sirrin kaza. Murya daya kake bukata yanzu.

Ka kuma shirya ranka, zaka kara lalacewa kafin ka gyaru. Sabon riko zai maka kamar hannun wani aka dasa maka, kwallo zata iya fara tafiya hagu ko ta rika gangarawa a kasa, abokai su fara cewa ai gara da. A nan yawancin mutane suke gudu su koma tsohon bugunsu su ce kocin bai iya ba. Tiger da kansa bayan sun fara gyaran nan gasa daya kacal ya ci a zagayen PGA, wato jerin gasannin kwararru na Amurka, a 1998, sai a 2000 ya ci manyan gasa uku a shekara daya, har da US Open da tazarar bugu 15. Naka gyaran bai kai nasa girma ba, makonni ne ba shekaru ba, amma dole ka bi ta wannan kwarin.

Ba kuma cewa nake duk koci nagari bane, akwai wanda ya iya bugawa amma bai iya koyarwa ba. Ka lura dashi a darasin farko. Nagari zai tambaye ka me ke damunka da inda jikinka yake ciwo, ya kalle ka kana bugu kafin ya yi magana, ya baka abu daya ko biyu ya fada maka dalilinsu. In kaga ya jero maka gyara goma, ko ya kwashe lokacinka shi yana bugawa kai kana kallo, ko tun ba'a je ko'ina ba ya fara tallata maka sanda, to ka cika masa hakkinsa cikin mutunci ka nemi wani. Kuma ka rika tambaya, in baka gane ba kace baka gane ba, ya fada maka da Hausa ma in ta fi shiga.

Akwai kuma bangaren da zaka iya gyarawa da kanka tun daga wannan Asabar din ba tare da ka biya kowa ba. Kace 105 kake bugawa. A fita ta gaba ka rike karamar takarda ka kirga abu biyu, kwallo nawa ka batar daga bugun farko, da kuma sau nawa ka gangara kwallo a kan girin, wato lallausan wurin da yake kewaye da rami, kafin ta fada ramin. Duk kwallon da ta bace a daji bugu biyu ta ci maka, in hudu ka batar kenan 8 sun tafi, cire su kaga 97. Don haka ka bar direba a but din mota tukunna, ka fita da sandar da ka san tana mikewa ko da nisanta bai kai ba, ba wanda yake rubuta sunan sanda a katin maki. Gangarawa cikin rami da gajeren bugu na kusa da girin kuwa, nan ne koyon kai yake aiki sosai, don idonka yana ganin sakamako nan take, ko a kan kafet din falo zaka iya yin minti goma kullum. Rabin lokacin atisayenka ka bashi. Abu daya kuma ka kiyaye, da rani kasarmu tana bushewa tayi tauri, ko ka bugi kan kwallo zata yi ta gudu a kasa ka dauka kayi kokari, damina na zuwa ciyawa ta tashi sai gaskiya ta fito, don haka kar ka auna kanka da nisan rani.

Bayanka kuma dan Allah kar ka yi wasa dashi. Bugun da ake fizgowa daga sama da karfin kafada yana wahalar da kasan baya, gyaran zai iya kawo sauki, amma ni ba likita bane kuma koci ma ba likita bane, ka koma wajen wanda ya turo ka filin tun farko ka fada masa, musamman in ciwon yana sauka kafa ko yana hana ka barci. Kafin ka fara bugu ka dan motsa jiki minti biyar zuwa goma, ka fara da kananan sanduna da rabin karfi, kar ka fito daga mota ka dauki direba kai tsaye. Lafiya ce ta kawo ka wasan nan, tafiyar rami 18 din nan kadai riba ce ko nawa ka buga.

In kun gama darasi ukun ka roke shi ku fita rami 9 tare, ya ga yadda kake zabar sanda da inda kake saitawa in akwai ruwa ko daji a gabanka, don abinda mutum yake yi a filin atisaye daban da wanda yake yi in abokai sun zuba masa ido. Bayan nan sau daya a wata ko wata biyu ya ishe ka, ya duba ko tsohon rikon ya fara dawowa, don yana dawowa a sace baka sani ba.

Ka kira shi a wannan satin kafin zuciya ta sake kawo maka uzuri. Bayan sati shida ka sake rubuto min, ka fada min me ya fara gyarawa da kuma kwallo nawa ka batar a fitarka ta karshe. Allah ya bada sa'a Yallabai, a gaida iyali.